Filin Ɗinki: Auna Gadonki Kafin Ki Tafi Kasuwa

Yau zancenmu a kan bargon haɗe-haɗe ne, wanda ake yanka ƙyallaye masu kusurwa huɗu a jera su, a sa soso marar kauri a tsakiya, a yi masa shafi. Tambayar da ake yawan yi mini ita ce: “Anti, na ga samfurin na jariri ya burge ni, ina son irinsa a gadon aurena, yadi nawa zan saya?”

To, a nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Yarinya za ta ce ai gadon ya ninka na jariri sau biyu, sai ta sayi ninki biyu. Ina! Bargo mai inci 36 tsawo da faɗi, in kowane ƙyalle inci 6 ne, guda 36 zai ci. In kika mai da shi inci 72, guda 144 zai ci, wato ninki huɗu, domin tsawo ya ƙaru, faɗi ma ya ƙaru. Kina tsakiyar aiki yadi ya ƙare, ki koma kasuwa a ce miki wannan zanen an daina kawo shi. Ga biki ya matso, ga rabin bargo a hannu.

Saboda haka ɗauko tef ki fara da katifa. Mai ƙafa shida-shida inci 72 ce kowane gefe. Ƙara inci 12 na zubowa a dama, da hagu, da wajen ƙafa. Faɗi ya zama 96, tsawo 84. Raba kowanne da 6: guda 16 a jeri, jeri 14, jimla 224.

Kowane ƙyalle ki yanka shi inci 6 da rabi, don rabin nan ɗinki ne zai cinye shi. Faɗin atamfa wajen inci 45 ne, amma ni 42 nake lissafawa, saboda baki-baki da kuma shan ruwa in an wanke. Kin ga layi ɗaya zai ba ki guda 6. In kala biyu za ki haɗa, kowace guda 112 ce, wato layi 19, kusan inci 124. Yadi ɗaya inci 36 ne, ya kama yadi uku da rabi ke nan. Sayi huɗu-huɗu, almakashi ba ya da tabbas. Shafi kuma falle uku ne, kowanne yadi biyu da rabi, jimla bakwai da rabi. Turmi ɗaya mai yadi 6 ba zai isa ba, kar mai shago ya ruɗe ki da daɗin baki.

Wadda take ganin guda 224 sun yi mata yawa, ga makaranta ga aikin gida, sai ta girmama ƙyallen zuwa inci 12, guda 56 kacal za ta haɗa. Amma a kula! Inci 12 da rabi za ki yanka, ba 13 ba. Ƙyalle ne ya girma, wurin ɗinki yana nan yadda yake. Ki fitar da awon a kwali, ki riƙa ɗorawa kina zanawa da alli, kuma ki wanke yadin ki goge kafin ki sa almakashi.

Ki rubuta lissafin nan a takarda ki nuna wa Umma ko tela kafin a fitar da ko sisi, don da-na-sani ƙeya ce. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.