Zancen Iyali: Tseren Ya Fi Fili Tsawo

Idan kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, samarin ƙasar Batsari da Safana su kan koma ga kokawa da dambe da langa da ƙwallon ƙafa. 'Ya'yanmu suna cikinsu, waɗansunmu kuwa su ne masu koya musu. Amma a 2019 da shekarun da suka biyo baya, 'yan bindiga daga dajin Rugu sun tashi ƙauyuka da yawa, filayen wasa suka yi ciyawa. Mai koyarwa ya kan ce, "Ina amfanin tara yara a irin wannan hali?"

Bari mu tuna da Eric Liddell, mai bi, mutumin Sikotland. A wasannin Olimfik na 1924 a birnin Faris ya ƙi shiga tseren mita 100, gama zagayen fari ya faɗa ran Lahadi. Ya shiga na mita 400, ya ci cikin daƙiƙa 47.6. Nan yawancin masu ba da labarinsa su kan tsaya.

Amma a 1925 ya tafi ƙasar Sin aikin bishara. A 1943 sojan Japan suka tsare shi a sansanin Weihsien tare da iyalai masu yawa. Can babu tafi, babu lambar zinariya, sai yunwa da cunkoso. Duk da haka ya tara yara, ya koya musu karatu, ya shirya musu wasanni, yana gyara kayan wasan da hannunsa. A can ya rasu a watan Fabrairu 1945, yana da shekara 43.

Wanne ya fi wuya, 'yan'uwa, daƙiƙa 47 a gaban taro, ko shekara biyu a tsare? Manzo Bulus, cikin 1 Korintiyawa sura 9, ya tuna mana cewa rawanin 'yan tsere na zamaninsa mai lalacewa ne, gama da ganye a ke yinsa. Namu ladan ba ya yanƙwanewa.

Saboda haka, kai mai koyarwa, ko yara biyar suka rage maka, ka tara su da rana a inda babu hatsari. Kada ka rage wa yaro shekaru domin cin kofi. Kai saurayi, in abokai sun ce a ɗaura laya ko a je wurin boka kafin wasa, ka ƙi da ladabi, ko da za a ɗora maka laifin faɗuwa. Mu iyaye kuma, in ɗanmu ya komo an ka da shi, kada mu yi masa ba'a. Mu ba shi ruwa, mu yi addu'a tare.

Ubangiji ya ba mu jimiri har matuƙa. Amin.