Kafin a kai lefe, a fara kai jini asibiti

Yau ba gyaran waya za mu tattauna ba, amma akwai kama.

In za ka sayi waya ta hannu, ba ka miƙa kuɗi sai ka danna *#06# ka duba IMEI, ka gwada batir da kyamara. To me ya sa gwajin jinotaif ake barin sa sai saura mako guda ɗaurin aure? Lokacin an kai lefe, an raba goro, wa zai iya cewa a fasa? Sai a rufe ido, ko a nemo takardar bogi.

Jinotaif daban yake da rukunin jini irin su O ko B. Shi ne AA, AS ko SS. Mai AS lafiyarsa ƙalau, ba ya jin komai a jikinsa. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai sikila. Kowane ciki fa, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. Ana iya jera uku. Mu nan Kwargaba da kewayen Wurno, Rabah da Goronyo muna yawan auren zumunci, kuma 'yan gida ɗaya sun fi haɗuwa a kan gado iri ɗaya.

Akwai gwajin da ake yi wa ɗan tayi tun ciki yana kusan wata uku, Gidauniyar Sikila ta Najeriya da ke Legas tana yin sa. Sai dai ga nisa, ga tsada, kuma in sakamako ya nuna SS, iyaye sun shiga tsaka mai wuya. Gwaji kafin alkawari ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

A 2024 jihar Kano ta sa dokar gwaji kafin aure, har da jinotaif. Kai ba sai ka jira doka ba. Ka je asibitin gwamnati, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Ka maimaita a wani wurin daban, domin ana samun kuskure. In an yi maka ƙarin jini kwanan nan, ka faɗa musu, yana rikita sakamako.

Ɗan uwa, ka san naka tun kafin ka fara zuwa zance. Iyaye, ku tambayi takarda tun ranar gaisuwa. Allah ya ba masu sikila lafiya.