FILIN WASANNI: Mai Gudun Nesa da Tseren Mil Guda

Kowane makiyayi ya san raƙumi da doki ba tafiyarsu ɗaya ba. Raƙumin ayari yakan tashi daga Agadas, ya ratsa Tenere har Bilma, ya komo da gishiri bai kasa ba. Doki ba ya iya wannan. Amma in aka jera su a gajeren fage ranar sukuwa, doki zai bar raƙumin ayari cikin ƙura.

Haka abin yake ga mutane masu gudu. Filin wannan wata ya shafi mutumin da ya saba da gudun nesa don sha'awa, ba don kuɗi ba, sa'an nan ya shiga tseren mil guda bisa titi, yana ganin abin wasa ne.

Mene ne mil?

Mil awon hanya ne na Ingilishi. Mutanen Nijeriya sun san shi, a Amurka da Ingila kuma da shi ake auna hanya. Mil guda mita 1609 ne, wato kilomita ɗaya da rabi da ɗan ɗori. Babban mutum mai tafiya a ƙasa yakan ci shi cikin minti 20, da taki wajen 2000. A filin wasa mai zagayen mita 400, zagaye huɗu ne da ƙarin mita 9.

Gudun nesa da ya fi suna shi ne gudun famfalaki. Tsawonsa kilomita 42 da mita 195, wato mil 26 da ɗan abu. Wanda ya taɓa gama shi, in aka ce masa mil guda, dariya zai yi.

Tseren Titi na Biyar

A birnin Nuyok na ƙasar Amurka akwai wata babbar hanya da ake kira Titi na Biyar. A shekarar 1981 aka fara tseren mil guda a kanta. Ana yin sa cikin watan Satumba. Hanyar miƙaƙƙiya ce, ba kwana. Ana tashi daga layi na 80, a tsaya a layi na 60, gidaje a hannu ɗaya, babban lambun birni a ɗaya hannun.

Ba gwanaye kaɗai ke shiga ba. Dubban mutane ne, maza da mata, yara da tsofaffi. Ana kasa su ƙungiya-ƙungiya bisa ga shekaru, gwanayen duniya kuma su zo a ƙarshe. Wanda ya ci tseren farko, Sidni Mari, haifaffen Afirka ta Kudu, ya yi shi cikin minti 3 da sakan 47 da rabi. Shekara 43 ba wanda ya fi shi sauri a titin, sai a 2024 da Josh Kar na Biritaniya ya yi minti 3 da sakan 44.

Da yawa cikin masu shiga suna shirin gudun famfalaki ne na birnin, wanda ake yi a watan Nuwamba. Su ne sukan zo da raini.

Yadda takan kasance

A ɗauki misalin mutum mai shekara 40, ma'aikaci, mai gudu da asuba kafin ya tafi aiki. Yana gama famfalaki cikin awa 4. In aka raba, kowane mil yana ɗaukar masa minti 9 da ƴan sakan. Tun da yau mil guda ne tak, ya yi niyyar minti 7 da sakan 20. Lissafin ba wuya: a raba hanya huɗu, kowane kashi minti 1 da sakan 50.

An ba da alama, jama'a ta zabura. Kashi na farko ɗan gangare ne. Ƙafa sabuwa ce, ƴan kallo suna ihu, matasa sun wuce kamar iska. Ya bi su. Da ya duba agogo, ya ga minti 1 da sakan 35. Ya ji daɗi, ya ce ya ci ribar sakan 15. Ba riba ba ce, bashi ne.

Kashi na biyu hawa ne. Tudun ba shi da tsawo, mai tafiya a ƙasa da ƙyar zai lura da shi. Amma mai gudu ya ji shi. Numfashi ya fara yi masa kaɗan.

A rabin hanya aka kai ƙolin tudu, titi ya koma gangare. Daga nan ido yana hango wurin tsayawa. Ga tarko na biyu. Tun da hanya miƙaƙƙiya ce, wurin yana kama da kusa, alhali da saura. Ya ƙara wuta tun lokaci bai yi ba. Cinyoyi suka yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Ƙirji ya ɗauki zafi, maƙogwaro ya bushe. Waɗanda ya wuce ɗazu suka fara wuce shi ɗaya bayan ɗaya, har da masu furfura.

A kashi na huɗu yana so ya ɗaga ƙafa, ƙafa ta ƙi. Ya iso, amma bayan lokacin da ya yi niyya. Ya dafa gwiwa yana tari. Mutumin da ke gudun awa 4 bai zauna ba, ga shi minti 8 bai cika ba ya durƙushe. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Me ya kawo haka?

Amsar tana cikin tukunya. Wanda ya taɓa cin kaza ya san naman ƙirji fari ne, na cinya kuwa ya fi duhu. Kaza tana yini bisa ƙafa tana kiwo ba ta gaji ba. Naman cinya na juriya ne, jini da iska suna isa gare shi da yawa. Amma in ta tashi sama, firr ɗaya take yi ta sauka. Naman ƙirji na zabura ne, yana da ƙarfi amma ba ya daɗewa.

Jikin ɗan Adam yana da irin naman nan biyu, a cakuɗe cikin tsoka ɗaya. Mai gudun nesa ya shekara yana horar da na juriya, ya bar na zabura yana barci. Ranar mil sai ya tashe shi ba shiri.

Akwai kuma zancen numfashi. A gudun nesa, ƙarfin da jiki ke kashewa daidai yake da iskar da huhu ke kawowa. A gudun mil, jiki yana kashe fiye da abin da ke shigowa. Sai ya taɓa wata ƴar ajiya da ba ta jiran numfashi. Ajiyar kaɗan ce, kuma cin ta da gaggawa yana barin tsami cikin tsoka, ƙafa ta yi nauyi. Manomi ya san wannan. Wanda ya buɗe rumbu tun kaka yana facaka, tsakar damina zai ji a jikinsa, lokacin da aiki ya fi yawa. Kashi na uku na mil shi ne tsakar damina.

Duk da haka juriyar mai gudun nesa ba ta faɗi banza ba. Mafi yawan ƙarfin da ake gudun mil da shi daga numfashi yake fitowa. Rumbunsa cike yake. Abin da ya rasa shi ne sanin awo.

Darasin ɗan makaranta

Ran 6 ga watan Mayu 1954, a garin Okisfod na Ingila, Roja Banista ya zama mutum na farko da ya gudu mil guda ƙasa da minti 4. Ya yi minti 3 da sakan 59 da ɗigo 4. A filin wasa ne, ba bisa titi ba. Shi ma ba don kuɗi yake gudu ba. Ɗalibin aikin likita ne mai shekara 25, yana horo a lokacin hutun tsakar rana.

Abokansa biyu suka shiga gabansa don su riƙe masa awo. A zagayen farko ya ji jikinsa sakayau, ya yi wa na gaba tsawa ya ƙara sauri. Abokin ya ƙi, ya tsaya bisa lissafi. Da ya biye masa, da wuya su kai ga nasara.

Bayansa an yi ta rage lokacin. A 1999, a birnin Roma, Hisham El Geruj na Maroko ya yi minti 3 da sakan 43. A wajen mata, Fet Kifyegon ta Kenya ta yi minti 4 da sakan 7 a Monako a 2023. Dukkansu da masu riƙe awo a gabansu.

Ga mai son gwadawa

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai gudun nesa da ke son mil ya fara shiri da mako shida ko fiye.

1. Sau ɗaya ko biyu a mako, ya gudu mita 200 ko 400 da saurin da yake so ranar tsere, ya huta, ya sake. Ya fara da kaɗan, ya riƙa ƙarawa sannu.

2. Kafin tsere ya ɗumama jiki da sassarfa ta minti 15. A gudun nesa jiki yana ɗumama a hanya. A mil ba lokaci. Tsoka mai sanyi, in aka fizge ta, tana iya yagewa a bayan cinya, ta kwantar da mutum makonni.

3. Ya raba hanya huɗu. Na farko da hankali, na biyu da awo, na uku da haƙuri. Abin da ya rage ya zuba shi duka a na huɗu.

4. Ya yi gudu da sanyin safiya ko na maraice, ba cikin rana ba.

5. Wanda ya haura shekara 40, ko mai hawan jini, ko mai jin ciwon ƙirji in ya yi aikin ƙarfi, ya ga likita tukuna. In jiri ko ciwon ƙirji ya zo ana cikin gudu, a tsaya nan take.

Wanda ya sha kashi a gwajin farko kada ya ji kunya. Ya koyi abin da kilomita 42 ba su koya masa ba. In ya komo baɗi, zai bar matasa su wuce a gangaren farko, ya riƙe awonsa, ya same su a bayan tudu.

Sai wata mai zuwa.