Kafin ka sayi injin wasa sarƙar zarto, ɗan saurara

Jama'a, tun da muka saka bidiyon zarton inji mai batir, tambaya ɗaya ce ke ta dawowa: wane injin wasa sarƙa ya kamata in saya? Ra'ayina, kar ka saya. In dai zarto ɗaya ne gare ka a gareji, kana yankan itacen hura wuta ko reshen da iska ta karya, magagari ya ishe ka.

Ni ma na taɓa faɗawa tarkon. A nan Michigan na ari ƙaramin injin wasawa na lantarki, na ɗan danna da ƙarfi, sai bakin haƙora uku ya koma shuɗi. Duk wanda ya karanci ilimin ƙarafa ya san wannan launi: zafi ya ɓata taurin ƙarfen, kaifin ba zai daɗe ba. Ga shi dutsen na cin ƙarfe fiye da kima. Sarƙar ma ta mai gidan hayata ce, dole na saya masa sabuwa.

Magagari zagayayye kuwa sai ka dace da girmansa. Ƙananan sarƙoƙin 3/8 na zartunan gida suna ɗaukar milimita 4.0, sarƙar .325 kuma 4.8. Duba kwalin sarƙarka. Cire batir, sa safar hannu, riƙe kusurwar digiri 30, tura gaba kawai daga ciki zuwa waje, kowane haƙori adadi ɗaya.

Amma inda mutane suka fi shan kashi shi ne ɗan ƙarfen nan da ke gaban kowane haƙori, wanda ke ƙayyade zurfin cizo. Kullum ka wasa, haƙori na gajarcewa, shi kuwa yana nan yadda yake. Sai ka ga sarƙa da kaifi amma gari take fitarwa maimakon ɓarɓashi, kai kuma kana ta danna zarto. Tazarar da ake so kusan milimita 0.65 ce. Ka rage shi da yawa kuma, zarton ya riƙa fizga, ya iya zaburowa ya yo kan fuskarka. Wallahi ba wajen kintace ba ne.

Shi ya sa na fi son 2-in-1 na Stihl ko CS-X na Pferd: tura ɗaya, ya wasa haƙori ya daidaita ɗan ƙarfen tare. Aibinsa, kowane girman sarƙa da nasa. Ranar da ka haɗu da ƙusa ko dutse haƙora suka gutsure, to wannan kam kai wa masu shago su ɗora ta a babban inji.