Matuƙin Jirgin Sama Da Shekararsa Ta Farko: Kira Daga Hanyar Birnin Gwari

Duk wanda ya fita Kaduna ta Mando ya nufi yamma, kafin ya isa Buruku ya riga ya wuce wurare uku masu alaƙa da sararin sama: sansanin mayaƙan sama inda ake koya wa hafsoshi tuƙi, da Makarantar Horar da Hafsoshi da ke Afaka, da kuma mararrabar filin jirgin saman Kaduna. Daga nan sai daji, har ya kai Birnin Gwari, tafiyar kimanin kilomita 120. Yaron da ya tashi a wannan yanki ya san ƙugin jirgi fiye da yawancin tsararrakinsa na birni, domin shekara da shekaru jiragen yaƙi suna shawagi a kan dajin Kamuku da na Kuyambana suna farautar 'yan bindiga. Tambayar da muke so mu ajiye a gaban 'yan'uwa ɗalibai da ƙananan ma'aikata ita ce: in wannan yaro ya ɗaga kai ya ce shi ma yana son ya tuƙa, ta wace ƙofa zai shiga, kuma me zai tarar a shekararsa ta farko?

Jama'a da yawa sun ɗauka cewa matuƙin jirgi sarki ne da hularsa, ga farar riga, ga albashi mai tsoka. Wannan siffar kyaftin ce, wanda ya shekara goma ko ashirin yana aiki. Mu kuwa maganarmu a kan na ƙasan tsani take, watau wanda ya karɓi lasin jiya.

Ƙofa ta farko ita ce ta farar hula, kuma bakinta yana Zariya. A shekarar 1964 aka kafa cibiyar koyon aikin jiragen sama a can, da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya, ita ce ta zama Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta yau. A zamanin da kamfanin Nigeria Airways yake da rai, hanya a miƙe take: kamfani ya ɗauki yaro, ya biya masa karatu, in ya gama ya zaunar da shi a kujerar dama kusa da kyaftin, ya yi ta koyo yana karɓar albashi. Da yawa daga cikin dattawan matuƙan ƙasar nan ta haka suka hau, kuma ba 'ya'yan attajirai ba ne. A 2003 aka rushe kamfanin, tsanin ya faɗi tare da shi. An yi mana alkawarin sabon kamfanin ƙasa a 2018, aka nuna mana jirgi guda a Abuja a watan Mayu na 2023, daga bisani aka jingine maganar ba tare da ya ɗauki fasinja ko ɗaya ba.

Yau wanda ya gama Zariya, ko Ilori, ko wata makaranta a ƙetare, yakan fito da lasin tuƙin haya da sa'o'in tashi kamar 200. Iyayensa sun kashe miliyoyin naira, wataƙila an sayar da gona ko garke. Amma lasin nan bai ba shi ikon taɓa babban jirgin fasinja ba. Kowane irin jirgi, kamar Boeing 737, yana da nasa horo da nasa hatimi, ana yinsa cikin na'urar da ke kwaikwayon jirgi, kuma kuɗinsa dubban daloli ne. Tun da aka saki farashin naira a watan Yuni na 2023, wannan kuɗi ya ƙara nisa da hannun talaka. In ma ya samu hatimin, sai kamfani ya ce yana neman mai sa'o'i ɗaruruwa a kan irin wannan jirgi. To, ina zai samo sa'o'in in ba a ɗauke shi ba? An ce da kare ana biki a gida, ya ce ya gani a ƙasa. Lasin da ba a tashi da shi kuwa ba ya zama yana jiran mai shi, domin akwai gwajin likita da ake sabuntawa, akwai jarrabawar ƙwarewa, kuma hannu yana mantuwa.

Mun ga misalin wannan a Kano. A 2013 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta tura matasa 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi. Niyya ce mai kyau, kuma an kashe dukiyar jama'a mai yawa. Suka dawo da lasin, amma da yawansu suka daɗe a gida ba aiki, saboda ba a shirya musu matakin da ke bin lasin ba. Wanda ya haƙa rijiya bai sayi guga ba, ƙishirwa tana nan.

Wanda ya yi sa'a aka ɗauke shi fa? Albashin shekarar farko ba a buga shi a fili kamar na ma'aikacin gwamnati, wanda kowa ya san matakinsa. Ciniki ne tsakanin kamfani da matashin da ya gaji da zaman gida, kuma kowa ya san wanda zai rinjaya a irin wannan ciniki. A kamfanoni da yawa wani kaso na kuɗin yana rataye ne da sa'o'in da aka tashi, saboda haka in jirgi ya kwanta jiran gyara, aljihun mataimakin matuƙi ma ya kwanta. Sau da yawa kuma akan sa shi ya sa hannu kan takardar cewa ba zai bar kamfanin ba sai bayan shekaru, ko kuwa ya biya kuɗin horon. Sa'an nan aikin ba shi da tabbas. A watan Agusta na 2020, lokacin annobar korona, kamfanonin Air Peace da Bristow sun sallami matuƙa masu yawa. In guguwa ta taso, ƙaramin reshe ne ke fara karyewa.

Game da lokutan aiki, dokokin ƙasashe da yawa sun iyakance tashi ga sa'o'i kamar 100 a wata da 1,000 a shekara. Mai aikin ofis zai ce wannan ai hutu ne. Sai dai waɗannan sa'o'in da jirgi yake tafiya ne kawai. Matuƙi yakan iso tun kafin asuba don duba yanayi da nauyi da mai, ya tashi sau huɗu ko fiye a yini, ya zauna jiran hazo ya washe a Kano ko Kaduna lokacin hunturu, ya kwana a masauki a wani gari. Sabon shiga shi ne ke samun jadawalin da manya suka ƙi, shi ne ke aiki ranar Salla. Kuma shi ne mafi tsoron ya ce ya gaji.

Kada a ɗauka wannan damuwar matuƙa ce su kaɗai. A watan Fabrairu na 2009 wani jirgin kamfanin Colgan ya faɗi kusa da birnin Bafalo a Amurka, mutum 50 suka mutu. Bincike ya nuna cewa mataimakiyar matuƙin tana karɓar ƙasa da dala 20,000 a shekara, kuma ta ratso ƙasar cikin dare kafin ta kama aiki. Bayan haka Amurka ta gyara dokokin hutu, ta kuma wajabta sa'o'i 1,500 kafin a zauna a kujerar mataimaki a jirgin fasinja. Darasin a bayyane yake: talaucin matuƙi da gajiyarsa suna cikin jirgi tare da fasinja.

Ƙofa ta biyu ita ce ta soja, kuma ita kaɗai ce ba ta tambayar dukiyar uba. Wanda ya samu shiga Afaka ba ya biyan kuɗin karatu, albashinsa yana da mataki sananne, aikinsa yana jiransa ranar da ya gama. Amma guraben kaɗan ne, ana raba su jiha jiha, kuma ba kowane hafsan sama ne ke kaiwa ga tuƙi ba. Wanda ya kai kuwa, jadawalinsa ba ya bin kalanda. Ranar 18 ga Yuli, 2021, 'yan bindiga suka harbo jirgin yaƙi samfurin Alpha Jet yana dawowa daga aiki a kan iyakar Zamfara da Kaduna. Matuƙinsa, matashin hafsa Abayomi Dairo, ya diro da laima, ya ratsa daji cikin dare har ya isa hannun sojoji. Wannan shi ne farashin ƙofa ta biyu. Ba mu raina ta ba, muna jinjina wa waɗanda suka bi ta. Abin da muke ƙi shi ne a ce ɗan talaka ba shi da hanyar zuwa sama sai wadda ake harbinsa a cikinta.

Ɗan Birnin Gwari kuwa, ko bakin ƙofofin nan biyu wuyar isa yake yi masa. Dukansu suna neman sakamako mai kyau a lissafi da kimiyya da Turanci. Yaya za a samu wannan a ƙauyen da aka rufe makaranta, malamai suka gudu? A Kuriga, a kan wannan hanya tamu, aka kwashe ɗalibai fiye da 100 daga makaranta ranar 7 ga Maris, 2024. A Afaka, a gefen filin jirgi, aka sace ɗaliban kwalejin gandun daji a watan Maris na 2021. Abin takaici, rashin tsaron hanya shi ya ƙara tura masu hali zuwa jirgin sama, musamman bayan harin jirgin ƙasa na Maris 2022. Wahalar yankinmu ta zama kasuwa, amma 'ya'yanmu ba su cikin masu cin kasuwar. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka ƙulla sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu. Mun yi murna. Amma ma'aunin sulhu a wurinmu shi ne ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da malaminsa a ciki.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, duk gwamnatin jihar da za ta tura yara koyon tuƙi, ta fara ƙulla yarjejeniya da kamfani tun kafin su tafi, wadda ta haɗa da hatimin jirgi da sa'o'in farko. Gara a kai goma har kujera da a kai ɗari bakin ƙofa. Kamfanoni irin su Max Air da Rano Air 'yan Arewa ne suka kafa su, ba sai an ƙetare teku neman abokin shawara ba. Na biyu, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta tabbatar cewa duk kamfanin da ya kawo kyaftin daga waje ya zaunar da ɗan ƙasa kusa da shi yana koyo. Na uku, ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ta NAAPE ta tsaya a kan mafi ƙarancin albashin sabon shiga, a buga shi kowa ya gani, a kuma iyakance shekarun takardar ɗauri. Na huɗu, a kare matuƙin da ya ce ya gaji daga kora ko rage albashi. Na biyar, Jihar Kaduna, wadda kwalejin Zariya take cikinta, ta ware gurabe da tallafi ga ƙananan hukumomin da rikici ya ci, ta fara da gyaran makarantunsu.

'Yan'uwa ɗalibai, wasunmu gobe su ne za su zauna a ma'aikatu suna rubuta takardun tallafin karatu, wasu su ne za su sa hannu a kan kasafi. In wannan rana ta zo, mu tambayi kowane shiri tambaya guda: bayan lasin, sai me? In ba a amsa ba, kada mu sa hannu. Allah Ya kawo zaman lafiya mai ɗorewa a Birnin Gwari da kewayenta, Ya sa ranar da jirgi zai ratsa saman dajin Kamuku ɗauke da fasinja, ɗan yankin ne riƙe da shi.