Ingilishin da ɗan lakwal ya sani bai san ya sani ba

Ɗan kasuwar Maraɗi da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Katsina da Kano ba ya buƙatar tafinta a bakin rumfa: Hausa ta ishe shi ciniki. Wahalar tana farawa ne sa'ad da aka miƙo takarda, ta banki ko ta kamfani, a rubuce da Ingilishi. Haka ma'aikacin gwamnati a Yamai ko Damagaram da aka ajiye wa rahoton wata ƙungiyar waje a kan tebur. Da yawa sukan ture takardar, alhali wanda ya yi lakwal da Faransanci yana riƙe da mabuɗin kalmominta masu yawa.

Dalilin yana cikin tarihi. A shekarar 1066 Wiliyam, sarkin yankin Normandi na ƙasar Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Kusan shekara 300 Faransanci ne harshen fada da shari'a a can, Latin kuwa harshen coci da malamai. Sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a yi shari'a da Ingilishi. Talaka ya ci gaba da yarensa, amma kalmomin mulki da kuɗi da doka suka shigo daga Faransanci da uwarsa Latin, suka zauna daram.

Bahaushe bai kamata abin ya zame masa baƙo ba. Hukunci, hukuma, hakimi da hikima duk saiwarsu ɗaya ce a Larabci, kuma almajiri yakan gane danginsu da jin sauti kawai. To, haka «portare» take a Latin, ma'anarta ɗauka. A sa mata «in», wato ciki, a sami «import», shigo da kaya; a sa «ex», wato waje, a sami «export»; «trans» kuwa ƙetarewa ce, ita ta haifi «transport». «Mittere» aikawa ce, daga nan «remittance», kuɗin da aka aiko. «Credere» yarda ce, shi ya sa bashin da aka ba mutum bisa amana ya zama «credit». «Debere» kuma ita ce uwar «debt». Harafin b da ke cikinta ba a furta shi. Malamai ne suka cusa shi daga baya don a tuna da asalin kalmar, Faransanci kuwa ya tsaya ga «dette».

Wannan tarihi shi ya sa Ingilishi yake da kalma biyu ko uku a kan abu guda. Saye «buy» ne a kasuwa, «purchase» a takarda. Tambaya «ask» ce a gida, «interrogate» a ofishin ƴan sanda. Gajeriyar kalmar galibi ta gado ce, doguwar ta Latin. Abin mamaki, doguwar da ke ba ɗan Ingila wuya ita ce mai sauƙi ga ɗan Tawa, domin ya taɓa gamuwa da ƴar'uwarta a aji. Takardar kwantiragi takan fi masa sauƙin karantawa bisa ga hirar ƴan tasha a Legas.

Sai dai ba duk ɗan'uwa ne yake kama da ɗan'uwansa a hali ba, kuma nan ne kuɗi ke salwanta. Mai rubuta wa abokin cinikinsa «I demand», yana zaton ladabin «je demande» ne, ya ba da umarni da gatsali bai sani ba. «Eventually» na nufin abin zai faru a ƙarshe, ba makawa. «Éventuellement» na nufin watakila. Wanda ya sa hannu a ƙarƙashin ta farko yana tunanin ta biyu ya ɗauki alkawarin da bai yi niyya ba. «Délai» wa'adi ne, «delay» jinkiri ne. Mafi haɗari ita ce «terminate». Saiwarta «terminus», iyaka, kamar ta «terminer». Amma a takardar kwantiragi ba kammala aiki take nufi ba, yanke yarjejeniya take nufi, abin da Faransanci ke kira «résilier».

Akwai kuma masu ɓad da kama. «Factory» da «facture» uwarsu ɗaya, «facere», wato yi ko ƙera, amma ta farko masana'anta ce, ta biyu takardar kuɗin kaya. Wannan takarda a Ingilishi «invoice» ce, kuma ba ruwanta da «voice», murya: daga «envois» ta fito, kayan da aka aiko.

Saiwa dai tana nuna unguwar da kalma take, ba ta nuna ƙofar gidan. Don karanta jarida ko gane inda rahoto ya dosa, ta wadatar. Amma layin da ke ɗauke da adadin kuɗi, ko ranar biya, ko sharaɗin sokewa, a buɗe masa ƙamus kalma bayan kalma kafin biro ya taɓa takarda.