Gidan Kallon Kifi A Ƙarƙashin Ruwa: Me Zai Hana A Abaji?

Ni ɗan Abaji ne, kuma ba Hausa na sha a nono ba, a kasuwa da makaranta na tsince ta. A hutun da ya wuce an ba mu aikin tattaro sunayen kifaye, na rubuto giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da gaiwa da minjirya. Amma da ƙanena ya ce in nuna masa minjirya da ranta, sai na yi tsuru-tsuru, domin banda kawai muka sani a kasuwa. Wannan ne ya sa nake ganin lokaci ya yi da za a gina mana gidan kallon kifi mai hanya ta ƙarƙashin ruwa.

Wannan dabara ta yi suna ne a 1985 a birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan, inda wani mai ninƙaya, Kelly Tarlton, ya gyara tsofaffin tankunan ruwan ƙazanta. Ya gasa fallayen wata roba mai garai-garai da ake kira akirilik, ya lanƙwasa su, ya yi hanya mai tsawon mita 110 wadda mutane ke bi kifi na shawagi a kansu.

To sai dai aikin ba na wasa ba ne. Tankin da tsawo da faɗi da zurfinsa duk mita ɗaya ne, nauyin ruwansa tan guda ne, kuma matsin ruwa na ƙaruwa da zurfi. A 2010 tankin Dubai ya yi yoyo, sannan a Disambar 2022 wani dogon tanki mai lita miliyan ɗaya ya fashe a Balin ta Jamus, akasarin kifayensa kimanin 1,500 suka mutu. Haka kuma injinan tace ruwa ba sa hutawa, mu kuwa mun san halin wutarmu.

Wasu za su ce ruwan sha ya fi gaggawa, kuma gaskiya suka faɗa. Shi ya sa ban ce a kwaikwayi Dubai ba. Masu iya magana kan ce, daidai ruwa daidai tsaki. A yi gajeriyar hanya, a zuba kifayen Gurara da Neja waɗanda ba sa bukatar ruwan gishiri, a sa wutar hasken rana, a nemi shawarar masanan cibiyar binciken kifi ta Sabuwar Busa, a kuma ware kuɗin kula tun kafin aza tubali. A rubuta sunan kowane kifi da Hausa da Egbura da Gbagyi da Bassa.

Abaji na kan titin Abuja zuwa Lakwaja, don haka masu kallo ba za su yanke ba. Jama'a, kifin da yaro bai taɓa gani ba, ta yaya zai riƙe sunansa? Allah Ya sa masu abin su ji.